Wasiƙa kan marayun da suka dawo hannunka

Gwammaja, Kano

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, na sami labarin 'ya'yan marigayi Yaya sun koma hannunka a Fatakwal. Allah ya jiƙansa, ya saka maka da alheri. Saboda su na rubuto.

Mun saba cewa yaro mai mantuwa ne, amma wahalar ƙuruciya takan bar tabon da ba ya fitowa sai mutum ya haura arba'in. Tsakanin 1995 da 1997, Dokta Vincent Felitti da Robert Anda sun tambayi manya fiye da 17,000 a San Diego ta Amurka abin da suka gani suna yara, kamar duka da zagi da ganin ana dukan uwa da zama da mashayi a gida. Wanda ya haɗu da irin waɗannan har huɗu ko fiye, haɗarin ciwon zuciya a gare shi ya ninka biyu. Dalili kuwa, yaron da ke kwana cikin fargaba jikinsa yakan yawaita fitar da sinadarin kotizol, wanda ke ɗaga sukari da hawan jini, kuma idan aka ɗauki shekaru a haka jijiyoyin jini sukan gaji tun kafin lokacinsu. Yunwa ma haka take, domin binciken da aka yi a Inugu ya nuna waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa sun fi kamuwa da hawan jini.

Duk ranar da na leƙa Asibitin Murtala na ga magidanci riƙe da kati, ƙafa a kumbure, yana haki a kan benci, nakan yi tunanin yadda ya taso.

Don Allah ka zauna da uwargida ku yi magana. Idan ƙaramin ya koma fitsarin kwance, kada a doke shi, rashin uba ne ke damunsa. Su ci a kwano ɗaya da naku. Idan ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ya kama ɗaya, kada a ce beli ne a kira wanzami, a kai shi asibiti, domin wani irinsa idan ba a sha magani ba yakan lalata ƙofofin zuciya. Babbar kuma, da aka ce ta daina magana, ka riƙa janta hira bayan isha'i ko da ba ta amsa ba.

Ka gaishe da uwargida da yaran duka.

Naka,
amininka na Kano