Baƙonku bai faɗi gaskiya game da Koriya ta Kudu ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun daren Lahadi raina yake a ɓace saboda maganar farfesan nan da kuka gayyato a shirinku na rediyo, wanda ya ce Koriya ta Kudu ta yi arziki ne don gwamnatinta ta janye hannu ta bar kasuwa ta yi halinta, mu kuma ƙin bin wannan hanya ne ya bar mu cikin talauci. Mai gabatar da shirin ya amsa masa da "haka ne", ya wuce zuwa wata tambayar, kamar an karanto masa aya.

Ni shekara 22 na yi a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kakuri, cikin ƙarar injunan da sai da hannu muke yi wa juna magana, audugar kuma tana manne mana a gira har mu isa gida. Idan masu aikin dare suka tashi da asuba, kekuna kan cika titi, mata masu koko da ƙosai suna jere a bakin ƙofa. Yau ciyawa ce ta rufe wannan ƙofar, haƙƙinmu na sallama kuma har yanzu ba mu karɓa duka ba, kuma da yawa daga abokan aikina sun rasu suna jiransa. Saboda haka idan wani ya zauna a gaban makirufo yana koya mini falalar buɗe kasuwa, ina da bakin da zan ce masa a kaina aka gwada ta.

Koriyar da yake misali da ita ba ta taɓa yin abin da ya faɗa ba. Bayan Janar Park Chung-hee ya karɓi mulki a 1961, gwamnati ce ta riƙe bankuna, ita take zaɓar masana'antun da za a ba rance mai sauƙi, ta kuma toshe wa motocin ƙasashen waje hanya shekara da shekaru har nata suka yi ƙarfi. Da ta so gina kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968, Bankin Duniya bai ga alamar riba ba, ya ƙi goyon baya, sai ta gina shi da kuɗin diyyar da Japan ta biya ta. Ingila ma, uwar masu wa'azin ciniki ba shinge, a 1721 ta yi dokar hana mutanenta sa yadin auduga mai zane irin na Indiya don ta kare masaƙanta. Farfesa bai san wannan ba ne, ko kuwa ya sani ya haɗiye?

Mu kuwa da aka kawo mana shirin SAP na gyaran tattalin arziki a 1986 zamanin Janar Babangida, bisa tsarin da Bankin Duniya da Asusun IMF suke rabawa ƙasashen da bashi ya danne, aka karya darajar naira har kayan gyaran inji suka gagare mu, aka rushe hukumar cinikin auduga, manomin Funtua da na Malumfashi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tsayayyen farashi. Ba na wanke namu shugabannin, domin rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfa duk a gida aka haife su. Amma ta yaya za a ce wa mai rarrafe ya yi tsere da wanda aka goya har ya girma? A 2003 ƙasashen Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sai da suka kai kuka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, saboda tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta yana karya farashi a kan talakawansu, alhali su an hana su tallafa wa nasu. Tun 1950 masanin nan ɗan Ajantina, Raul Prebisch, ya nuna cewa ƙasar da ke sayar da ɗanyen kaya tana sayen sarrafaffe, kullum cinikin ƙara juya mata baya yake yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko sau ɗaya baƙonku bai ambaci wannan ra'ayi ba, sai ka ce duk masana tattalin arzikin duniya bakinsu ɗaya.

Sannan, Malam Edita, layin wayar da kuke bayarwa ba ya shiga. Na kira sau 9 a daren Lahadin har katina ya kusa ƙarewa wajen aika saƙo, ba a karanta ko ɗaya ba, aka ɓata lokacin da gaishe-gaishe.

Ina roƙon ku dawo da farfesan, ku zaunar da shi tare da wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin saƙa, a yi masa tambayar POSCO a gaban masu sauraro.

Naku,
Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri, Kaduna.