Wasiƙa zuwa ga ɗana mai zana littafin ban tsoro

Ɗana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Mu nan Sakkwato lafiya lau, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Shafukan da ka aiko sun iso, kuma hannunka ya faɗa ƙwarai. Rijiyar nan ta bayan kango, da guga yana lilo cikin hazo babu mai ja, ta tayar min da tsikar jiki. Ka lura ba ka nuna ko ƙahon aljani a wurin ba, amma nan ne tsoron ya fi kama ni. Riƙe wannan hanyar. Mu da muka tashi da tatsuniyar Dodo ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, shi ya sa bai daina ba mu tsoro ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne tsohuwar da ka zana a matsayin mayya. Ka ba ta zanen saƙi da ƙwaryar daddawa, ka zaunar da ita ƙofar gida irin na unguwar Rijiyar Ɗorowa, har sai da na ji kamar na san ta. Ɗana, a garin nan maita ba kalmar wasa ba ce. An sha ganin tsohuwa marar gata, wadda talauci ko ruɗin tsufa kawai ke damunta, yaro ya yi zazzaɓi a ce ita ta kama kurwarsa, a jawo ta gaban jama'a a tilasta mata ta tsallaka shi, wani lokaci har da duka. Bayan ta mutu ma jikokinta mata sai su rasa manema. Kai kana zaune da alƙalaminka kana ganin labari ne, amma yaron da zai karanta gobe zai wuce ta ƙofar wata tsohuwa. Idan dole sai ta fito a littafin, to ka bar ta ta zama wadda aka yi wa ƙazafi, abin tsoron ya zama taron da ya zo da sanduna. Wallahi wannan ya fi kowane dodo firgitarwa, don ya faru.

Aljanu kuwa gaskiya ne, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani, don haka ka taɓa zancensu da ladabi. Kada ka rubuta aya ko sunan Allah a cikin shafukan, domin takarda in ta tsufa wurin mai ƙosai take ƙarewa. Batun zana abu mai rai malamai sun yi magana a kai, je ka zauna da malaminka ka ji da kunnenka, kada ka tsaya ga abin da ake yaɗawa a waya.

Sai maganar bugu, tunda ka ce da kuɗinka za ka yi. Ba abin kunya ba ne. Marubutan Kano tun shekarun 1980 haka suka yi, su biya maɗaba'a su kai kasuwa da kansu. Amma naka zane ne mai baƙi da yawa, kuma baƙar tawada tana ɓullowa ta bayan takarda marar kauri. Kada ka yarda da takardar da nauyinta bai kai giram 80 ba, kuma ka sa su buga maka gwaji ka ɗaga shi a rana ka duba kafin ka biya sauran kuɗin. Cikin ya zama baƙi da fari, launi a bango kaɗai. Adadin shafuka ya zama 16 ko ninkinsa, ka huta da asarar takarda. Duk abin da kake son ya razana mai karatu, sa shi a shafin hagu, wanda sai an juya ake gani. Ka kuma duba ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya, kwamfutar wasu maɗaba'u tana cinye ƙugiyarsu.

Fara da kwafi kaɗan. In sun ƙare a sake bugawa, ya fi ka cika ɗaki da kwalaye gara ta samu abinci. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, kuma doka ta ce ka ajiye musu kwafi 3. Kada ka tura wa kowa littafin sukutum ta WhatsApp, ko da amininka ne, shafi biyar na talla sun isa. Wanda duk ya karɓi kwafi don ya sayar maka, ku rubuta adadi da ranar biya, ya sa hannu.

Ka gyara babin tsohuwar ka aiko min kafin ka kai maɗaba'a. Kuɗin takardar bugun farko ni zan biya. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka