Wasiƙa zuwa ga ɗana, kan kafaɗarsa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, ƙanwarka ta nuna min bidiyon da ka sa a WhatsApp kana jan ƙarfe, kuma ita ta tsegunta min cewa kwana biyun nan ba ka iya kwanciya ta ɓangaren dama. Kada ka yi mata faɗa. Daga bakinka ya kamata in ji.

Sau uku na kalli bidiyon nan. Duk jan da ka yi sai kafaɗunka sun haura kusa da kunne, ƙarfen kuma ta bayan wuya kake sauko da shi. Wa ya koya maka haka? Shekara 27 ina koyar da motsa jiki a sakandare, amma ɗan cikina ya rasa wanda zai tambaya sai abokai?

Allon kafaɗa ba a kafe yake jikin haƙarƙari ba, zamewa yake yi a kansu, tsokoki 17 ne ke manne da shi suna juya shi. In za ka ja daga sama, bar allon ya bi hannu ya tashi, sannan ka fara sauko da shi tun gwiwar hannu ba ta lanƙwashe ba, ƙarfen ya sauka a ƙirji. In a zaune kake kana ja daga gaba, bar allunan su buɗe, ka matso da su wajen ƙashin baya, ka ɗan dakata, ka sake su a hankali. Kada kuma ka matse su tun daga farko har ƙarshe. Mu haka aka koya mana, ni ma na koyar da shi da zuciya ɗaya, daga baya na gane takura gaɓar yake yi.

Abin da ke hana ni barci shi ne baffanka. Ka san yadda ake sa masa riga. Ka ga kabbararsa, hannun dama ko kafaɗa ba ya kaiwa. Shi ma cewa ya yi ɗan ciwo ne, zai wuce. Da na hana ka abin nan kana aji uku, wata guda ka yi kana ɗaure min fuska, ni kuwa shi nake gani a gabana. Yanzu ka bar gida ka ɗibi nauyin da ya fi ƙarfinka don a yi maka tafi. Masu tafin nan ba su za su sa maka riga ba.

Ban ce ka daina ba, wallahi na ji daɗin ganin bayanka ya cika. Ka ajiye ƙarfen tukuna, ka je asibitin ƙashi na Dala a duba ka, tunda ciwon ya kai ga tashin ka da dare. In sun ba ka izini, ka fara da rabin nauyin.

Na tura maka kuɗin mota da na kati. Innarka ba ta sani ba tukuna, ka kira ta da kanka ranar Juma'a.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka