Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Agajin Gaggawa Ta Amurka, FEMA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan sassaucin da ake yi wa aikin kwashe ɓaraguzai bayan bala'i, wato ɗauke masa nauyin tantance wuraren tarihi. Roƙona shi ne sassaucin ya tsaya a inda doka ta ajiye shi, kada ya miƙe ƙafa ya kai ga rushe bangon da yake tsaye ko haƙar ƙasar da ba a san abin da ke cikinta ba.

Sashe na 106 na dokar kare kayan tarihi ta 1966 ya wajabta wa kowace hukumar tarayya ta duba illar aikinta ga wuraren tarihi kafin ta saki kuɗi, kuma tun asali ƙa'idojin sashen sun yi tanadi domin ranar tsanani. Aikin ceton rai da dukiya na nan take an ɗauke masa tantancewa ɗungurungum. Ayyukan gaggawa da za a yi cikin kwana 30 da ayyana bala'i kuwa, kwana 7 kacal ake ba jami'in tarihi na jiha da ƙabilun asali su faɗi ra'ayinsu. Babu mai hankalin da zai ce a tsayar da katafila ana neman sa hannu alhali mutum yana ƙarƙashin gini, haka nan janye itatuwan da suka toshe titi ko kwashe shara daga kan kwalta ba ya buƙatar masanin tarihi. Inda nake da ja shi ne lokacin da aka ce duk abin da aka kira shara ya shiga wannan rukuni, domin kalmar tana da faɗi, kuma ɗan kwangilar da ake biya gwargwadon abin da ya loda a tifa ba shi ne ya dace ya raba kango mai tarihi da tarkace ba.

Garin Lahaina na tsibirin Maui ya ishe mu misali. Gobarar 8 ga Agusta, 2023 ta ci rayuka fiye da 100 da gine-gine fiye da 2,000 a garin da ya taɓa zama fadar masarautar Hawai, wanda kuma aka sanya cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa tun 1962. Cocin Waiola ta ƙone, amma makabartar da ke gefenta, inda Sarauniya Keopuolani take kwance, tana nan. Gidan Baldwin ya zama kango, sai dai bangonsa na dutse da murjani bai faɗi ba. Babbar bishiyar nan dangin cediya da aka dasa a 1873 ta babbake, daga baya ta sake toho. A idon direban katafila duk wannan toka ce da gawayi. Da injiniyoyin sojan ƙasa suka fara share filayen gidaje a Janairun 2024, aikin ya haɗa da kankare saman ƙasa domin cire guba, a garin da 'yan asalinsa suka san ƙasusuwan kakanninsu suna binne a wurare da dama ba tare da alama ba. Abin da ya tsare mutuncin aikin shi ne 'yan asalin Hawai da aka ɗauka suna bin ma'aikata fili bayan fili suna sa ido, kuma duk da haka an gama share filayen gidajen zama a cikin shekarar ta 2024. Saboda haka ban yarda cewa sa ido shi ne ke jawo jinkiri ba.

Wurin zubar da tokar ma ya tayar da ƙura, domin an kai ta Olowalu na wucin gadi, yankin da ke da zane-zanen dutse na mutanen da, ga kuma murjani a bakin tekunsa, mazauna wurin kuwa suka nuna rashin amincewa. Filin da za a jibge ɓaraguzai da hanyar da manyan motoci za su bi su ma taɓa ƙasa ne, bai kamata sassauci ya rufe su ba.

Ni da na taso ina ganin yadda ganuwar Kano take ƙarewa, wannan ya ɗebi ƙasa wancan ya gutsura, na san ba a rana ɗaya ake rasa irin waɗannan wurare ba.

Hanyar tana hannunku tun 2013, lokacin da majalisar ba da shawara kan kayan tarihi ta amince muku da samfurin yarjejeniyar da kuke ƙullawa da jihohi da ƙabilu. Ina roƙon a sabunta waɗannan yarjejeniyoyi tun sama tana lafiya, a rubuta ɓaro-ɓaro aikin da aka ɗauke wa tantancewa da wanda ba a ɗauke wa ba, a tanadi taswirar makabartu da kufai, a zaɓi filayen juji tun kafin a buƙace su, sannan a sa albashin masu sa ido na gari a cikin kuɗin kwangilar shara tun daga ranar farko.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani Bahaushe mazaunin Amurka