Zuwa ga Mamana, kan rigimar fast ɗin nan

Salamu alaikum Mamana, ya karatu, ya sanyi? Ummanku ta nuna min saƙon da kika turo mata wai malamin Turanci ya ja miki jan biro a tes don kin ce fast aikatau ce, har da cewa ya zalunce ki. To na duba jimlar da kaina, gaskiya malam bai ci haƙƙinki ba.

Jimlar dai ita ce the boy runs fast. Me yaron yake yi? Gudu, wato runs, shi ne aikatau ɗin, ita kuwa fast ba abin da ta zo yi sai gaya mana yadda ake gudun, da sauri, kin ga bayanau ke nan. Ni na san abin da ya faru, we fast in Ramadan da kika haddace tun firamare ce ta faɗo miki a rai sai kawai kika rubuta aikatau ko kallon kalmomin da ke gefenta ba ki yi ba.

Kalmar nan kamar kawunki take, da safe malamin makaranta da yamma ɗan acaɓa, sai kin ga inda yake tsaye za ki san sunan da za ki kira shi. A fast car, sifa ce, mota take siffantawa. He broke his fast kuma suna ce, azumin kansa, ba ki ga his a gabanta ba? Daga nan ma breakfast ta fito, mu ma ai karya kumallo muke cewa, abin ya daɗe yana burge ni wallahi. A tsohon Turanci ma ba sauri take nufi ba, abin da ya kafu daram ne, shi ya sa in aka ce fast asleep ba wai mutum ya yi barci da wuri ba ne, barci ne ya yi nauyi irin na ƙanenki da sai an yayyafa masa ruwa da asuba.

Sannan don Allah ki daina rubuta fastly, na gani a status ɗinki har sau biyu, masu makin WAEC ba sa karɓar ta, fast kaɗai ta isa.

Ki rubuto min jimla huɗu naki na kanki kafin Juma'a, kowace da aikinta daban, in na gani sai in turo kuɗin datar. Umma na gaishe ki, ta ce ki riƙa sa rigar sanyi.

Babanki