Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya tambaye ni ko kiran sallah ne ya dame ni

Assalamu alaikum, Malam.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a bayan rubutun da na yi cewa shiru ya zama kayan gabas a unguwanninmu na Kano, inda ka nemi in fito fili in faɗa ko kiran sallah ne ya tsaya mini a rai. Maganar ta yi mini ciwo, domin shekara da shekaru muna bin liman ɗaya, kuma ka sani sarai ban ambaci ladani ba. Kiran sallah 'yan mintuna ne, kuma da shi nake tashi. Abin da na koka a kai shi ne lasifikar da ake ɗaurawa a kan katanga tun bayan isha'i har ƙarfe biyun dare, yau kiɗan biki, gobe wa'azin da ba kowa a gaban mai yinsa, ga janareton maƙwabci yana girgiza gilashin taga. Mahaifiyata mai fama da hawan jini da auduga take toshe kunnuwanta kafin ta kwanta, sau da yawa kuma in tarar da ita zaune a bakin gado tana jan carbi, barci ya gagara.

Tunda da addini ka so ka ɗaure ni, to ka tuna a 2021 hukumomin Saudiyya sun umarci masallatai su taƙaita lasifikar waje ga kiran sallah da iƙama, kuma kada ƙararta ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Su ma za ka tuhumi imaninsu? Cikin nasihar da Luƙman ya yi wa ɗansa akwai sassauta murya, kuma ba sai na tuna wa malami irinka dabbar da ayar ta ambata ba.

Batun da ka kawo cewa in koma unguwar Nasarawa cikin masu kuɗi idan hayaniya ta ishe ni, ba zan ɓata tawada a kansa ba, sai dai ka faɗi gaskiya ba da niyya ba: shiru ya zama abin saye, mai hali ya kewaye gidansa da bishiyoyi da sola, talaka kuwa ya kwana da ƙarar injin markaɗe. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009, amma a layinmu ko mai unguwa ba ya iya cewa a rage sauti, don gudun irin tambayar da ka yi mini.

Ban so in taɓo zancen shagon hayar lasifika da ke ƙofar gidanka ba, domin sana'a ce ta halal. Da dai ka ambace shi a cikin tambayarka, da masu karatu sun fi gane inda ta dosa.

Wassalam.