Rahoton Kwamitin Ruwa Kan Gyaran Rijiyoyin Burtsatse

Wannan bayani ne daga kwamitin da jama'a suka ɗora wa alhakin farfaɗo da rijiyoyin burtsatsen ƙauyukanmu. Aiki ya kammala, ruwa yana zuba, kuma haƙƙin duk wanda ya ba da kuɗinsa ko ƙarfinsa ne ya ji abin da muka tarar da abin da muka yi.

Da farko ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne a haƙa sababbi. Mutane sun riga sun yanke cewa tsofaffin sun ƙafe, tunda an daɗe ana tuƙa hannun famfo ba a ganin ko ɗigo. Muka roƙi a dakata har makaniki ya zare bututai a zura igiyar awo. Da aka zura, kowace rijiya sai igiya ta fito a jiƙe. Ashe ruwa yana nan inda aka bar shi, famfunan ne suka mutu.

Dukkansu samfurin India Mark II ne, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970 da haɗin gwiwar UNICEF. Famfo ne mai ƙwari, yana jawo ruwa daga zurfin da ya kai kimanin mita 50. Lagonsa shi ne bututun ƙarfen da ake sa masa, domin inda ruwan ƙasa yake da tsami, tsatsa ba ta barinsa. Ranar da aka jera bututanmu a ƙasa kowa ya gani da idonsa. Wajen mahaɗa duk ya ɓule, wani ramin ma yatsa yana shiga, cikin bututu kuwa ya cushe da jan laka. Mata suka tuna mana cewa tun kafin famfunan su tsaya cak ruwan ya koma ja, yana ɓata farin tufafi, yana ɗanɗanon ƙarfe, har wasu sun gwammace komawa tafki. Da an saurare su a lokacin, da ba a kai ga haka ba.

Abin da ya fi ba mu takaici wata rijiya ce da bututunta bai yi lalacewar kirki ba. Robar cikin silinda, wato ɓangaren famfon da ke can ƙasa cikin ruwa yana turo shi sama, ce kawai ta cinye, abin da bai cika tafin hannu ba. Amma kafin a kai gare ta sai an ɗago bututai gaba ɗaya, kowane mai tsawon mita 3, da manyan kayan aiki da ƙarti da yawa. Babu wanda aka ba wannan aiki, babu asusun da za a taɓa, sai kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido.

Wannan ne ya sa muka sauya tsari. Bayan an wanke kowace rijiya da iskar kwamfureso har ruwa ya fito garau, an kuma gwada yawan ruwan da take bayarwa, sai muka sa famfon Afridev a waɗanda ruwansu bai wuce zurfin mita 45 ba. Bututunsa na roba ne, tsatsa ba ta cinsa, kuma ana iya zaro robar da bawul ɗin ƙasa, wanda ke hana ruwa komawa rijiya, ta cikin bututun ba tare da an ɗaga shi ba. Mutum biyu da sifana da ƙugiya sun isa. Wadda ta fi zurfi an bar mata India Mark II, amma da bututu da sandunan ƙarfe marasa tsatsa. An ja daga a kan tsadarsu a zaman kwamiti, kuma waɗanda suka yi ƙorafi suna da hujja. Sai dai mun ga babu amfanin sayen mai araha da za a sake zarowa nan da 'yan shekaru.

Daɓen kewayen famfunan ma ya tsattsage. Ruwa yana taruwa a gindi, dabbobi suna sha suna kashi a wurin, ƙazantar tana bin tsagar tana komawa ƙasa. An fasa shi an sake zuba sabo mai gangara, da magudana da ke kai ruwa wani rami da aka cika da duwatsu, aka yi wa dabbobi komi can nesa, aka kewaye wurin. Akwai kuma wani masai da bai kai tazarar mita 30 da ake so tsakaninsa da rijiya ba. Maigidan ya yarda aka rufe, aka taya shi haƙa wani. Muna gode masa ƙwarai, domin ba kowa zai amince da haka cikin sauƙi ba.

Daga nan aka zuba kulorin a kowace rijiya ya kwana, washegari aka yi ta tuƙawa har warin ya gushe, sannan aka kai ruwan ɗakin gwaji. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya gurɓata ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100. Wata rijiyar ba ta tsallake ba a gwajin farko. Muka hana shan ruwanta, aka bincika aka gano simintin da ya toshe wuyanta yana yoyo, aka sake liƙewa, aka sake zuba magani. Sai da sakamako ya fito da kyau aka buɗe ta. Amma a sani, ruwa mai tsabta da aka ɗura a jarka mai datti zai iya kawo amai da gudawa ko taifot. A riƙa wanke jarka, a rufe mazubin ruwa, kada a tsoma hannu.

Yanzu kowane famfo yana da masu kula biyu da makaniki ya koyar, ɗaya mace, domin mata ne ke fara jin hannun famfo ya sauya. Za su riƙa ɗaure notuna, su sa wa sarƙa man giris inda take, su ƙirga tuƙi nawa ke cika jarka mai lita 20 su rubuta. In da safe sai an daɗe ana tuƙi kafin ruwa ya zo, bawul ɗin ƙasa ne ke yoyo, a kawo rahoto a ranar. An sayi robobi an ajiye, kuma kowane gida zai riƙa ba da gudummawar wata-wata da aka amince da ita. Littafin kuɗi yana hannun ma'aji, duk mai so ya zo ya duba.

Abu ɗaya bai warware ba, shi ne layi a babban ƙauye. Ma'aunin duniya ya ce zuwa ɗiban ruwa da dawowa, har da jiran layi, kada ya wuce minti 30, mu kuwa da asuba da yamma ana wuce haka sosai. A nan kam kwamiti yana ganin ana buƙatar ƙarin rijiya, kuma za mu gabatar da batun a taron jama'a mai zuwa.